Kududdufan kuza, namun daji da ruwan rijiya: daga ina gyara yake farawa?

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar raya ƙauyenmu a yankin Barkin Ladi, Jihar Filato. A gabashin ƙauyen akwai filin da kamfanonin kuza suka haƙe tun zamanin kakanninmu suka tafi suka bar shi, da kududdufai uku masu zurfi da tulin jar ƙasa wanda ko ciyawar kirki ba ta fitowa a kansa. Dattawa sun amince a ware filin ya koma daji, domin tsuntsaye da ƙananan namun daji su dawo. Amma kanmu ya rabu: wasu na cewa a cike ramukan a huta da nutsewar yara, wasu na cewa a zagaye su da itatuwan zaiti. Ga kuma rijiyoyi biyu na gidajen da ke kusa, waɗanda ruwansu kan yi ja idan rani ya tsananta. Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu tabbatar aikin bai taɓa ruwan shanmu ba?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka haɗa, kuma haɗin ya yi daidai, domin a filin da aka haƙi ma'adinai maganar namun daji da maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa magana ɗaya ce. Kafin inuwa, kafin abinci, ruwa ne ke jawo dabba zuwa wuri. Saboda haka wanda ya ƙawata bakin kududdufi da itatuwa alhali bai san abin da ke cikin ruwan ba, mai yiwuwa tarko ya ɗana yana zaton mafaka ya gina. Shawarata ita ce a shekarar farko kada katafila ta shiga filin, kada kuma a sayi dashe ko ɗaya. A ƙarar da shekarar wajen awo da rubutu. Na san wannan ba zai yi wa taron ƙungiya daɗi ba, tunda mutane sun fi son aikin da ido ke gani.

A garin Butte na jihar Montana a Amurka akwai wani ƙaton ramin haƙar tagulla da ake kira Berkeley. Da aka daina aiki a 1982 aka kashe injunan da ke zuƙe ruwa, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tasowa har ramin ya zama tafki, mai kyan gani daga sama amma mai tsami ƙwarai, cike da narkakken ƙarfe da tagulla da gubar nan da ake kira asenik. A 1995 wasu fararen dinyoyi masu ƙaura suka sauka a kansa su huta, aka tsinci gawar 342, kuma a ƙarshen 2016 dubbai suka mutu a wurin. Saboda haka sai da aka ajiye ma'aikata da na'urori waɗanda aikinsu shi ne korar tsuntsaye daga ruwan.

Ba ina nufin kududdufanku irin wancan ba ne, kuma a ganina da wuya su kasance haka. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a harkar ma'adinai maganar gaskiya ce har a zahirinta. Ruwan rami yana tsami ne idan dutsen da aka fasa yana ɗauke da farar wuta a haɗe da ƙarfe, musamman dutsen nan mai ƙyalli kamar zinare da masana ke kira fayirayit. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa, amma da zarar an tono shi iska da ruwa suka same shi sai ya haifar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da dalma da tutiya da kadmiyam ya kwashe su zuwa rafi da rijiya. Wannan ita ce matsalar tsofaffin ramukan kwal na Inugu, kuma ita ce abin tsoro a wuraren dalma da tutiya irin na Zurak a ƙasar Wase, da a Ririwai ta Jihar Kano inda kuzar ke cikin jijiyar dutse tare da ma'adinai masu farar wuta. Kuzar da aka haƙa a Bukuru da Barkin Ladi da Rayfield kuwa mafi yawanta a cikin yashi da tsakuwar tsofaffin hanyoyin ruwa aka same ta, bayan ta ruɓe daga dutsen giranit ruwa ya wanke ta shekaru aru-aru, kuma ita kanta ba ta narkewa a ruwa. Shi ya sa manoman rani suka daɗe suna ban ruwa ga dankalin Turawa da kabeji da karas daga waɗannan kududdufai. Sai dai "da wuya" ba sakamakon gwaji ba ne, kuma ba a shayar da yara da zato.

Haɗarin filin kuza a wani wuri yake. Kamfanonin Turawa sun fara haƙa a kan tudun Jos a farkon ƙarni na 20, aikin ya kai ƙololuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi yayin kolambayit, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, a shekarun 1950, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 kowa ya watse, aka bar ramuka sama da 1,000. Abin da suka bari iri uku ne, kuma wajibi ne ku rarrabe su a filinku. Akwai tulin jar ƙasar da aka yaye daga sama kafin a kai ga kuza, wanda ba guba ne da shi ba, yunwa ce ke damunsa: babu ruɓaɓɓen ganye a cikinsa, ga tsami kaɗan, ga tauri idan ya bushe. Akwai laka mai laushi da ta kwanta inda aka zubar da ruwan wanki, wadda samanta kan bushe ƙasanta na nan da danshi har ta haɗiye saniya. Na ukun shi ne baƙin yashi mai nauyi da ya rage bayan an tace kuza da kolambayit, kuma shi ne ya fi damuna, domin yana ɗauke da monazayit da zirkon, waɗanda ke da toriyam da yuraniyam a cikinsu suna fitar da radiyeshan da ido ba ya gani. Wannan yashin ya fi taruwa a inda injin tacewa ya zauna, ba a ko'ina cikin fili ba, kuma illarsa ta fi zuwa ta ƙura da ta zama a kansa da ta yin bulo ko yaɓen ɗaki da shi. Ku nemi a zagaya filin da na'urar auna radiyeshan a yi alama a inda ta yi sama. Jami'ar Jos da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da masu wannan aiki. Inda aka samu, a tattara yashin wuri ɗaya mai tudu, nesa da ruwa, a rufe shi da ƙasa mai tsafta kaurin rabin mita zuwa mita ɗaya, a shuka ciyawa kaɗai. Kada a dasa itace a kan wannan rufin, domin saiwa na huda shi, kuma a riƙa duba shi saboda gafiya da gara ba su san doka ba.

Dalilin da ya sa nake cewa a gwada ƙasa tare da ruwa shi ne abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Babbar hanyar da gubar ta bi ba rijiya ba ce, ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gida ce, wadda yara ke haɗiya daga hannu da ƙasa. Gyaran da aka yi a Dareta da Yargalma, daga baya Bagega a 2013, shi ne kankare saman ƙasar gidaje a binne a zuba sabuwa. Idan an taɓa kawo dutse daga wani gari an niƙa a filinku, wannan wurin ma a gwada shi daban.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankinku hawa biyu ne. Na sama yana cikin ruɓaɓɓen dutse da yashi, shi rijiyoyin hannu ke kamawa, yana tasowa da damina yana sauka da rani. Na ƙasa yana cikin tsagogin dutse, shi burtsatse ke nema. Kududdufin kuza mai zurfi taga ce da aka buɗe a kan hawan sama: ruwan da kuke gani a cikinsa a watan Maris, wata biyar bayan ɗaukewar ruwan sama, yawancinsa daga ƙasa ya tsatso. Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce, kududdufin ne ke shayar da rijiyoyin ko ruwan gefen rijiyoyin ne ke gangarawa cikin kududdufin? Amsar na iya sauyawa tsakanin damina da rani, musamman idan masu ban ruwa na zuƙar kududdufin da inji, kuma ba a gane ta da duban gangaren fili kawai, domin haƙa ya birkita shimfiɗar ƙasar da ke ciki.

Gano wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku kafa sanda mai zanen santimita a bakin kowane kududdufi, a wurin da shanu ba za su ture ta ba. Ku zaɓi rijiyoyi aƙalla uku waɗanda ba a layi ɗaya suke ba, gara ma biyar ko shida, ciki har da ɗaya da ke can nesa a tudu inda haƙa bai taɓa kaiwa ba, domin ita ce za ta nuna muku yadda ruwan yankin yake tun asali. A bakin kowace rijiya a yi alama da fenti, daga nan ake awo kullum. Sai a nemi safiyo ya auna bambancin tsayin waɗannan alamomi da sandunan, ko, idan wuraren na kusa da juna, magini ya yi da siririn tiyon nan mai ruwa da suke daidaita lebur ɗin gini da shi. Ba tare da wannan ba, cewa ruwan wannan rijiya yana mita 6 na waccan yana mita 9 ba ya gaya muku komai, tunda bakunansu ba a tsayi ɗaya suke ba. Daga nan sai awo sau ɗaya a wata, a rana ɗaya, da sassafe kafin mata su fara ɗiba. Ruwa daga inda ya fi tsayi yake tafiya zuwa inda ya fi ƙasa, don haka bayan wata 12 littafinku zai nuna wace rijiya ce ke bayan kududdufi a hanyar ruwa. Idan babu rijiya tsakanin filin da gidaje, a nan ne ya cancanci a kashe kuɗi a haƙa siririyar rijiyar awo guda ko biyu, mai murfi da kwaɗo, wadda ba a ɗiba daga cikinta, domin ita ce za ta fara ganin duk abin da ya nufo gari.

Gwajin ingancin ruwa shi ne mai tsada, shi ya sa ake zaɓar lokacinsa. Ana ɗaukar samfuri a ƙarshen rani, wajen Maris, lokacin da ruwa ya ja baya abin da ke cikinsa ya yi kauri, da kuma ƙarshen damina, wajen Satumba ko Oktoba. Idan da hali a ƙara na uku bayan ruwan farko, saboda shi ke wanke abin da ya taru a kan tulin ƙasa duk tsawon rani. Tsamin ruwa, wato pH, da yawan gishirin da ya narke a cikinsa, ana auna su nan take a bakin rijiya da 'yar na'urar hannu, domin suna sauyawa kafin a kai gari. Na'urar ba ta da tsada, kuma ya kamata ƙungiya ta mallaki tata ta riƙa awo kowane wata tare da zurfi. Samfurin da za a kai ɗakin gwaji kuwa yana da ƙa'ida, kuma a nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi. Rijiyar awo sai an zuƙe ruwan da ya kwana a cikinta, kamar ninki uku na abin da take riƙewa, kafin a ɗiba. Kwalba daga ɗakin gwajin za a karɓo, ba robar lemo da aka ɗauraye ba. Na gwajin ƙarafa ana tace shi a ɗiga masa asid kaɗan don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba, na ƙwayoyin cuta kuma a sa shi cikin ƙanƙara a kai shi a ranar. A kududdufi kada a tsaya a ruwan sama, domin a rami mai zurfi ruwan ƙasa ba ya samun iska, ƙarfe da manganis na narkewa a cikinsa, kuma sanyin hunturu kan juya shi ya taso. A ɗebo lakar ƙasan ma. Wata dabara da nake ba kowa ita ce a cika kwalabe biyu daga rijiya ɗaya a ba su lambobi daban ba tare da an faɗa wa masu gwajin ba. Idan sakamakon biyun ya yi hannun riga, kun san takardar ba abin dogaro ba ce.

Ma'aunin da za ku gwada sakamako da shi a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma da ta asenik a maikirogiram 10 cikin kowace lita, kadmiyam 3, yuraniyam 30, fuloraid miligiram 1.5, naitiret miligiram 50, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ajiye pH tsakanin 6.5 da 8.5, ƙarfe kuma miligiram 0.3. Amma wuce iyaka abu ɗaya ne, sanin wanda ya jawo shi wani abu ne. Wasu duwatsun Filato da kansu suna ba ruwa fuloraid mai yawa, kamar yadda haƙoran mutanen yankin Langtang suka daɗe suna nunawa, ba tare da hannun mai haƙa ba. Naitiret da ƙwayoyin cutar kashi kuma daga masai da garken shanu da takin zamani suke zuwa, kuma a yawancin ƙauyukan da ke kusa da tsofaffin ramuka su ne suka fi kwantar da yara. Rijiyar can tudu ce za ta raba gardama: abin da ke cikinta na ƙasar ne, abin da ya ƙaru a rijiyoyin da ke bayan filin shi ne ake tuhumar filin da shi. Kuma sakamako guda ba hukunci ba ne. Abin lura shi ne adadin da ke hawa a hankali, gwaji bayan gwaji.

Game da cike ramukan, ban goyi baya ba, sai dai ƙanana marasa zurfi da rijiyoyin loto, wato siraran ramukan masu haƙar kuza da hannu, da aka bari a buɗe, waɗanda su kam a cike su tun yau. Babban kududdufi yana cin ƙasar da ƙungiyar ƙauye ba za ta iya ɗaukar kuɗin jigilarta ba, kuma abin da ke biyo baya idan kuɗi ya ƙare shi ne a mai da ramin juji. Shara da aka zuba cikin ramin da ya taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa, kai tsaye cikin tulun gidajenku aka zuba ta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko da ƙasa mai tsafta aka cike, sai an yi shekaru tana lotsawa, kuma ruwan da ke ratsa sabuwar cikon kan fito da ƙarfe da gishiri fiye da da. Yanke hanya a tsiyaye kududdufin ma yana iya kafar da rijiyoyin da ke jingine da shi. Bayan haka, a tudun da ke samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 amma duk cikin wata shida ko bakwai, ruwan da ke kaiwa Afrilu bai ƙafe ba shi ne mafi darajar abin da filinku ya mallaka.

Abin da ke kashe yara bangon ramin ne, wanda ke miƙe kamar na rijiya, kuma shi ne dai ke hana namun daji amfana da ruwan. Saboda haka gyara ɗaya ya biya bukata biyu. Idan gwaji ya nuna ruwan lafiya lau, a kwantar da bakin ta yadda duk mita uku ko fiye da aka yi gaba za a sauka mita ɗaya kawai, a ture ƙasar bakin ciki don a samu faffadan gefe marar zurfi inda rana ke kaiwa ƙasa. A nan ne bado da ciyawar ruwa ke fitowa, kwaɗi da kifi su yi ƙwai, zalɓe da balbela da kirinjijiya su samu abin ci, gada ta sha ruwa ba ta zame ba. Bakin ya zama mai lunguna, ba zagaye kamar faranti ba, kuma idan an bar ɗan tsibiri a tsakiya tsuntsaye za su yi sheƙa inda kare ba ya kaiwa. Wani ɓangare na bangon, can nesa da hanya kuma a bayan shinge, a bar shi a miƙe saboda tsuntsayen da ke haƙa ramin sheƙa a jikin gaɓa. Amma ku sani ruwa marar zurfi mai ciyawa shi ne kuma gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, don haka wanka da wanki a wurin sai an hana, kuma kachalla idan ta ɓullo a tuge ta da wuri, kada ta yi muku abin da ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru.

Zaiti kuwa an riga an gwada shi. Bayan dokar ma'adinai ta 1946 ta fara maganar gyaran filin da aka haƙa, shi aka yi ta dasawa a kan baje tulin ƙasa a Filato, kuma ya ba da itacen girki da turaku, amma ƙasar ƙarƙashinsa ba ta farfaɗo yadda aka yi fata ba. Ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, ba ya ba tsuntsu 'ya'yan ci, kuma yana shan ruwa rani da damina, abin da ba ku so a kusa da rijiya. Kore daga nesa ba shaidar cewa ƙasa ta warke ba ce. Amurkawa ma sun koyi wannan a filayen kwal na tsaunukan Appalachia: bayan dokarsu ta 1977 kamfanoni suka riƙa daddaɓe ƙasa da manyan injuna su shuka ciyawa mai saurin rufewa, fili ya yi kyau a hoto amma itace ya kasa kafa saiwa, har sai da aka koma zuba ƙasa sako-sako kaurin fiye da mita ɗaya ana hana injin yawan bi ta kai. Idan katafila ta zo muku, kada ku bar direba ya lailaye filin don burgewa; ku sa ya karce shi a gicciyen gangare ya bar shi da kwaruruka masu tare ruwa da iri.

A Bamburi kusa da Mombasa ta Kenya, inda kamfanin siminti ya bar ramukan farar ƙasa tsirara, René Haller ya fara gwaji a 1971 da itatuwa iri 26, uku kacal suka rayu. Ɗaya daga cikinsu yana zubar da ganye mai kama da allura wanda ba ya ruɓewa, sai ya kawo ƙadandoniya masu jajayen ƙafafu suka riƙa cin ganyen suna mai da shi taki, a kan wannan takin ne aka dasa itatuwan gida daga baya, kuma yau dorina da raƙumin dawa ke yawo a wurin. Abin ɗauka a nan shi ne jerin aikin: ƙasa tukuna, sannan itace, dabba a ƙarshe. A filinku wannan yana nufin gamba da jema a kan gangare don riƙe ƙasa, taki da kashin shanu a ramin dashe, da ɗan farar ƙasa inda tsami ya yi yawa. Tokar jujin gari da wasu manoman Jos ke amfani da ita ban yarda da ita a nan ba, saboda batir da gwangwani da ake ƙonewa a ciki. Idan ana share daji a kusa don hanya ko gini, ku roƙi ƙasar samansa ku baza ta nan take a 'yan wurare, domin tana ɗauke da iri da ƙananan halittun da ba a sayarwa a kasuwa, kuma ajiye ta a tuli na kashe su.

Itatuwan a dasa su rukuni-rukuni, ba layi-layi kamar gona ba, a bar sarari mai ciyawa tsakaninsu don fakara da zabin daji da zomo. Ɓaure da 'yan uwansa su ne na farko a wurina, domin jemagu da tsuntsayen da ke cin 'ya'yansu suna kashe irin wasu itatuwa a ƙarƙashinsu, su yi muku dashen da ba ku biya ba. Sai ɗinya da kanya da ɗorawa, da malmo a bakin ruwa. Duwatsu da kututture a tara su a bar wa damo da bushiya. Kafin ku tsai da jerin, ku tafi dajin Amurum a Laminga kusa da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, ku ga abin da ƙasar tudun ke fitarwa idan an bar ta ta huta. Ɗalibanta kuma sun iya ƙidayar tsuntsaye, wadda za ku bukata. Kada ku sayo dabba ku saka, balle dabba mai haɗari irin su kada a ruwan da ke kusa da yara. Wadda wurin ya yi wa za ta zo da ƙafarta, musamman idan kun haɗa filin da kurmin rafi mafi kusa ta hanyar zirin itatuwa. Alamar nasara kuma ba ganin tsuntsu ya sauka ba ce, tunda a Montana ma sun sauka. Alamar ita ce sheƙa da ƙwai da 'ya'ya, shekara bayan shekara, da kukan kwaɗi a farkon damina. Idan za a ci kifin kududdufin, a kai namansa gwaji kafin a fara.

Akwai abin da ke rusa irin wannan aiki fiye da guba. A dokar ma'adinai ta 2007 abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma mai yiwuwa wani yana riƙe da lasisi a kan filinku ba ku sani ba, don haka ku bincika a ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja kafin ku kashe sisi. Matasa masu loto za su dawo duk lokacin da kuza ta yi kuɗi, masu ban ruwa da makiyaya kuma sun riga kowane tsuntsu dogara da wannan ruwa, kuma kai ka fi ni sanin abin da rikicin ruwa da kiwo ke jawowa a yankinku. Tunda kududdufai uku ne, a zauna da kowa a rubuta: wanne ne na ban ruwa, ina mashayar shanu da burtalinta, wanne aka bar wa daji, kuma iya ina ruwa zai sauka a jikin sandar awo kafin a kashe injuna. A yi shinge da ƙyarana kamar yadda aka saba a ƙasar, a share layin tare gobara kafin Disamba.

Rijiyoyin nan biyu ba sai sun jira shekara ba. Gobe da safe a ɗebo ruwa a farin bokiti a ajiye. Idan ya fito ja kuma jan ya kwanta a ƙasa, laka ce, wataƙila bangon rijiyar ke zubewa ko guga ke taɓa ƙasa. Idan ya fito garau sannan ya yi ja bayan 'yan sa'o'i, narkakken ƙarfe ne ya haɗu da iska ya yi tsatsa, abin da ke faruwa idan ruwa ya sauka rijiya ta koma jan ruwan da ba ya samun iska. Ƙarfen kansa ya fi ɓata ɗanɗano da tufafi a kan cutarwa, amma yanayin da ke narkar da shi yana iya narkar da manganis da asenik, saboda haka waɗannan rijiyoyi su ne farkon waɗanda za a kai samfurinsu, a cikin ranin nan. Kafin sakamako ya fito, jarirai da masu juna biyu su sha daga wata rijiyar, kuma a faɗa wa matan gidajen cewa tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta fitar da dalma ko asenik daga ruwa.